Rediyo Mai Bawul: Abin da Kunnen Dattawan Mafara Ya Ji

Akwai wata gardama da takan tashi a majalisun dattawan Talata Mafara, Bakura da Maradun. Da zarar wani yaro ya kunna waƙar Musa Ɗanƙwairo a wayarsa, ba a rasa dattijon da zai girgiza kai ya ce ai ba haka muryar take ba. A wurinsa, Ɗanƙwairon gaskiya shi ne wanda ake ji a tsohon akwatin rediyo, inda kotso ke fita da nauyinsa, 'yan amshi kuma su cika zaure. Samari kan ɗauka begen ƙuruciya ne kawai. Sai dai a Landan da Tokyo da New York akwai masu zuba dubban daloli a kan irin wannan magana: su cire wani ɗan ƙwan gilashi daga amfilifayar ɗakinsu, su sa wani, su zauna shiru suna auna wanne ya fi daɗin murya. Ƙwan nan shi ne bawul, kuma a kansa aka gina kusan duk wani rediyo da ya shigo ƙasar Hausa kafin zuwan taransista.

Bawul 'yar kwalba ce da aka zuƙe iskar cikinta aka toshe. A tsakiyarta akwai siririyar waya da wuta ke gasawa har ta yi ja, zafin kuma ya sa ƙwayoyin lantarki su tashi su nufi wani farantin ƙarfe da ke jan su. Baturen Ingila John Ambrose Fleming ne ya haɗa irinta ta farko a 1904. A 1906 Ba'amurke Lee de Forest ya saka wata 'yar raga a tsakanin wayar da farantin, aka gano cewa ɗan motsin lantarki kaɗan a jikin ragar yana iya buɗe ko tsuke hanyar wuta mai yawa. Da wannan dabara raunannen saƙon da eriya ta kamo daga nisan dubban mil ke samun ƙarfin girgiza lasifika.

Yadda akwatin ya iso

Yawancin mutanen Arewa ba a akwatin kansu suka fara jin rediyo ba. BBC ta soma watsa shirye-shirye zuwa ƙasashen da Ingila ke mulka a Disambar 1932. A 1935 aka buɗe tsarin rarraba rediyo ta waya a Legas, a 1944 ya iso Kano, daga baya ya kai garuruwa irin su Zariya, Katsina, Kaduna da Jos. Tashar ce ke kamo shirin, ta ƙara masa ƙarfi da manyan amfilifayoyi masu bawul, sannan ta tura shi ta wayoyin da aka ɗora a kan turaku zuwa gidajen masu biyan kuɗin wata da wuraren taruwar jama'a. Akwatin da ke rataye a bango ba komai a cikinsa sai lasifika da abin ƙara murya. Abin da tasha ta sa, shi za a ji.

Wannan tsari na birni ne. Garuruwan bakin Gulbin Sakkwato, waɗanda a lokacin ba su da wutar lantarki, sai dai su dogara da rediyo mai batir, kuma batirin bawul ba ƙaramin kaya ba ne. Bawul na buƙatar wuta iri biyu: ƙarama, bolt 1.5, don gasa wayar ciki, da babba, wajen bolt 90, don farantin. Shi ya sa ake haɗa su a dunƙule ɗaya mai nauyi, wanda in ya ƙare sai an yi tafiya a sayo wani. Kamfanin Ever Ready na Ingila, mai sayar da kayansa a ƙasashen waje da sunan Berec, ya ƙera wani rediyo mai bawul 4 a 1949 domin masu sauraren tashar Lusaka, a cikin gwangwanin alminiyam mai siffar tukunya, a kan fam 5. Ko wannan da aka yi don talaka, fam 5 kuɗi ne da manomi zai daɗe yana tarawa.

Hanyar kayan zuwa ƙasar Mafara ta Gusau ce. Zuwa 1929 jirgin ƙasa ya kai Gusau da Ƙauran Namoda, kamfanonin Turawa irin su UAC, John Holt da G.B. Ollivant suka kafa kantuna suna sayen gyaɗa da auduga, suna sayar da atamfa, keke da garmaho. Garmaho mai wani babu bawul ko ɗaya a cikinsa, allura ce kawai ke bin faifai tana kaɗa wani ɗan bango. Da rediyoyin Philips, Pye, Bush da Grundig suka shigo kantunan, masu iya saye ƙalilan ne: hakimi, alƙali, malamin makaranta, ma'aikacin En'e, ko attajirin da ke awon gyaɗa. Mai rediyo sai ya ja doguwar waya daga soro zuwa bishiya, ya binne wata a ƙasa, da rani har ya riƙa zuba mata ruwa don tasha ta kamu da kyau. Bayan sallar isha'i kuwa ƙofar gidansa ta zama dandali.

Abin saurare ya yi ta ƙaruwa. An kafa hukumar watsa labarai ta Nijeriya a 1951. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki ranar 13 ga Maris 1957 da muryar Aminu Abdullahi Malumfashi. Rediyon Nijar ya buɗe a 1958, gwamnatin Sardauna kuma ta kafa Rediyo da Talabijin na Kaduna a 1962. Mosko, Bejin da Jamus duk sun buɗe sassan Hausa a farkon shekarun 1960, Muryar Amurka ta biyo baya a 1979.

Mutanen wannan yanki na da dalili na musamman na kasa kunne, domin 'ya'yansu ne ke cikin akwatin. An haifi Musa Ɗanƙwairo a Ɗankadu ta ƙasar Bakura, a gidan makaɗan Sarkin Ƙayan Maradun, ya yi kiɗa tare da wansa Abdu Kurna kafin sunansa ya zagaye Arewa da waƙoƙin Sardauna da na sarakuna. Ya rasu a 1991. Sa'idu Faru, daga Faru ta ƙasar Maradun, shi ne makaɗin Muhammadu Maccido, wanda ya riƙe Talata Mafara a matsayin Sarkin Kudu a shekarun 1950, ya kuma zama Sarkin Musulmi a 1996. Wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ya ji kotson waɗannan mutane da kunnensa yana da ma'aunin da mai saurare a Landan ba shi da shi. In akwati ya cinye nauyin kiɗan ko ya shaƙe muryar 'yan amshi, nan take zai gane.

Teburin mai gyara

Bawul abu ne mai tsufa. Yau da gobe ƙarfen da ke fitar da ƙwayoyin lantarki yakan gaji, murya ta yi ƙasa, ta dushe. Zafin bazara, ƙurar hunturu da girgizar mota a hanyar Gusau zuwa Sakkwato duk suna rage masa kwana. Daga nan sana'ar gyaran rediyo ta samu gindin zama, kuma masu ita ne suka fara kwatanta muryar bawul da bawul a ƙasar nan, don neman abinci.

Alamomin da suke bi har yau su ne a littattafan sana'ar. A saman kowane bawul mai lafiya akwai wani tabo mai sheƙin azurfa. In ya koma fari kamar alli, iska ta shiga, bawul ya mutu. In farantin ciki ya yi ja, wuta ta yi masa yawa, a kashe akwatin kafin taransifoma ta ƙone. In an ƙwanƙwasa gilashin da fensir aka ji ƙarar ta fito a lasifika, kayan cikinsa sun saki. Gurnanin da ba ya tsayawa kuwa galibi ba laifin bawul ba ne, kondansa ce ta bushe. Wanda ba shi da na'urar gwaji hanya ɗaya ta rage masa: ya zare wanda yake zargi, ya sa wani mai lamba ɗaya da shi daga matacciyar rediyo, ya kunna, ya saurara. Rediyo mai amfani da wutar gari ko ta janareta sai an jira shi wajen rabin minti kafin ya yi magana, wasu kuma suna da ɗan bawul mai koren haske a gaba, wanda ke tsukewa in tasha ta zauna daidai. Masu batir ba sa wannan jira, domin wayarsu siririya ce, nan da nan take ɗaukar zafi.

Lambobin da ke jikin gilashin su ne yau ake ciniki a kansu a duniya. Kamfanin RCA na Amurka ya fitar da 6L6 a 1936, Ingila ta mayar da martani da KT66 a 1937, Western Electric ta fitar da 300B a 1938 don na'urorin sauti na gidajen silima. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Philips da reshensa Mullard suka kawo EL34, sai EL84 a 1953, kamfanin GEC kuma ya kawo KT88 a 1956. EL84 ɗin nan shi ne a ƙarshen layin rediyoyin Turai da yawa na shekarun 1950 da 1960; guda ɗaya yana ba da wajen wat 5, wanda ya isa ya cika zaure. Biyu a haɗe suna ba da wat 10 ko fiye, kamar a amfilifayar Mullard 5-10 ta 1954. KT88 guda biyu na iya kai wa wat 100, alhali 300B guda ɗaya wajen wat 8 kawai yake bayarwa.

Masu sha'awar abin sun raba wa kowanne hali. Suna cewa EL34 na fito da muryar mutum gaba, 6L6 na da tsabta da zurfin ganga, EL84 na da zaƙi a sama, KT88 na da ƙarfi da kamewa, 300B kuwa shi suke wa kirari a kan daɗin murya. Ko a lamba ɗaya suna bambanta masana'anta: ECC83 na Mullard da aka yi a Blackburn sun ce yana da taushi, na Telefunken mai alamar lu'ulu'u a gindi sun ce ya fi fayyace sauti. Makaɗan jita ma sun rabu a kan haka, inda amfilifayoyin Fender suka shahara da 6L6 da 6V6, na Marshall da EL34, Vox AC30 kuma da EL84.

Ina gaskiyar take?

Wani ɓangare na bambancin na'ura tana iya auna shi. Amfilifaya mai bawul guda a ƙarshenta tana ƙara wa sauti wani amo da ke ninki biyu na asalin, wanda kunne ke ji a matsayin cika da ɗumi. In an ƙure murya, bawul yakan lanƙwasa sautin a hankali, taransista kuwa ta yanke shi da kaifi, shi ya sa ƙaramin rediyon zamani ke tsatsa in an ƙure shi. Haka kuma ECC81, ECC82 da ECC83 duk suna shiga rami ɗaya, amma na farko na ninka saƙo wajen sau 60, na biyu ƙasa da sau 20, na uku sau 100. Wanda ya musanya su dole ya ji canji, kuma an daɗe da sanin cewa kunnen ɗan Adam kan ɗauki sautin da ya ɗan fi ƙarfi a matsayin wanda ya fi daɗi. Duk kwatancen da ba a daidaita ƙarfin murya a cikinsa ba, hukuncinsa na da rauni.

Sauran bambancin ba a cikin gilashin yake ba. Bawul kamar fatar kotso yake: tana da tasiri, amma icen da aka sassaƙa, naken da aka liƙa da hannun makaɗi su ma suna cikin abin da ake ji. A amfilifaya, taransifomar da ke tsakanin bawul da lasifika, tsarin haɗa wayoyin, da ita kanta lasifikar suna sauya murya fiye da sauya Mullard da Telefunken. A 1985 injiniya Bob Carver ya karɓi ƙalubalen mujallar Stereophile ta Amurka, ya gyara amfilifayarsa mai taransista cikin 'yan kwanaki har editocin mujallar suka kasa bambanta ta da wata mai bawul mai tsada da suka zaɓa da kansu.

Game da dattawan Bakura da Maradun, akwai ƙarin dalilai biyu. Na farko, gajeren zango da matsakaicin zango ba sa ɗaukar sautin da ya wuce kaɗawa wajen 5,000 a daƙiƙa, alhali kunnen matashi na jin har kusan 20,000. Tashar da kanta ke aske kaifin sama, abin da ya rage sai ya fito da laushi. Na biyu, tsohon akwati na da faffaɗar lasifika a cikin gida mai faɗi, sau da yawa na katako, wanda ke ba ƙasan sauti wurin fita. Lasifikar waya ba ta kai faɗin ɗan yatsa ba, ba ta da ikon fitar da gindin kotso ko kaɗan. Dattijon da ya ce muryar ta canza ya faɗi gaskiya. Bawul na da kaso a cikin abin da ya rasa, amma kason akwati da lasifika ya fi yawa.

Yadda taransista ta kore shi

An ƙirƙiro taransista a ɗakin binciken Bell na Amurka a Disambar 1947. A 1954 rediyon aljihu na farko, Regency TR-1, ya shiga kasuwa, a 1957 Sony ta fitar da TR-63 ta buɗe wa Japan kasuwar duniya. Taransista ba ta buƙatar gashi, ba ta fashewa, kuma batiran tocila uku ko huɗu sun ishe ta. Ga manomin fadama da Bafulatanin da ke bin shanu, wannan ya fi kowace irin daɗin murya. Rediyo ya bar zauren hakimi ya koma kafaɗa da kan keke. Labarin kisan Sardauna ranar 15 ga Janairu 1966 da labaran yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970 sun sa kowa na son nasa akwatin.

Kaset, wanda Philips ta ƙirƙiro a 1963, shi ya ƙarasa aikin. Kuɗin Udoji da aka biya ma'aikata a 1975 ya cika gidaje da rikodar National da Sanyo. A daidai lokacin ne kamfanin Impresit na Italiya ke gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato kusa da Maradun, wadda aka kammala a 1978, albashi da baƙi suka shigo yankin, kasuwar Talata ta ƙara cika. Mai son Ɗanƙwairo ya daina jiran shirin Zaɓi Sonka na rediyo, ya sayi kaset ya juya yadda yake so. Masallatai da masu shela suka koma amfilifayoyi masu taransista irin na Ahuja da TOA, masu aiki da batirin mota. Masu gyara suka koyi sabon aiki, daga baya 'ya'yansu suka koma gyaran talabijin, sannan waya. A Ingila ma masana'antar Mullard ta Blackburn ta daina yin bawul a farkon shekarun 1980.

Bawul bai mutu ba duk da haka. Ana yin sa a Saratov ta Rasha, a kamfanin JJ Electronic na Sulobakiya, da wasu masana'antu a Sin, Western Electric kuma ta koma yin 300B a jihar Jojiya ta Amurka. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, aka shiga fargabar ƙarancinsa, farashi ya tashi. Tsofaffin da ba a taɓa amfani da su ba sun fi sababbi daraja, har ana sayar da 300B biyu na asali a kan dubban daloli. A nan kuwa, akwatunan da suka ɗauki irin waɗannan lambobi yawancinsu sun ƙare a hannun 'yan jari-bola, an fasa su don jan ƙarfen cikin taransifoma.

Waɗanda suka rage suna cikin ɗakunan ajiya na tsofaffin gidajen sarauta da na malamai, kuma sun cancanci a tattara su. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara wuri ne da ya dace a ajiye kaɗan daga ciki, ɗalibai su ga yadda aka faro, a kuma naɗi bayanin tsofaffin masu gyara tun suna raye. Wanda ya gaji irin wannan akwati kada ya yi gaggawar jona shi da wuta: kondansar da ta shekara 60 tana iya fashewa ta ƙona taransifoma, kuma akwai bolt 250 ko fiye a ciki, wanda kan iya zama ko bayan an kashe. Kada kuma a musanya bawul da wani don kawai ya shiga ramin, domin EL34 na jan wutar gashi amfiya 1.5, 6L6 kuwa 0.9. A kai shi wurin wanda ya san aikin. Mai son jin kotson Ɗanƙwairo da nauyinsa kuma, tun kafin ya nemi bawul, ya fara haɗa wayarsa da babbar lasifika mai gidan katako.